Ƙofar Mota Mai Kulle Kanta

Ƙofar ɗaki kowa ya san halinta. Wanda ke ciki shi ke da iko da sakata. In ya so ya saka, in ya so ya zare. Haka ƙofar mota take a da. Amma motocin da ke shigowa ƙasarmu yanzu ba haka suke ba. Wata tana kulle kanta ba wanda ya taɓa ta. Wata in ka ja mariƙinta daga ciki sai ta ƙi buɗewa. Wata kuma sai ka ja sau biyu. Wanda bai san wannan ba yana iya shan kunya a tasha. Kunya kuwa ita ce ƙaramar hasara. Babbar hasara ita ce ta rai, musamman ran yaro ƙarami.

Wannan darasi ba na direbobi kaɗai ba ne. Ko ba ka da mota, kana shiga ta wani. Ko ba ka shiga, ɗanka yana wasa kusa da wadda aka aje a ƙofar gidan maƙwabci. To, sai mu karanta a hankali.

Daga Fijo zuwa ɗan Kwatano

Dattawan Madarumfa sun san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968. Daga 1975 kuma aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Ta daɗe tana jigilar mutane tsakanin Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya da Katsina. A irin waɗannan motoci kowace ƙofa da nata kulle. Hannu ke kullewa, hannu ke buɗewa. Gilashi ma da hannu ake murɗa shi. Ko batir ya mutu murus, ƙofa tana nan tana aikinta.

Sannu a hankali masu ƙera motoci suka sa wa ƙofa wutar lantarki. Suka haɗa ƙofofi huɗu wuri ɗaya, direba ya danna abu guda duk su kulle. A 1982 kamfanin Renault na Faransa ya fito da mota mai suna Fuego, wadda ake kulle ta daga nesa da ɗan rimot. Yau kusan kowace ƙaramar mota da irin wannan makulli take zuwa.

Yawancin motocinmu na hannu ne. An yi aiki da su a Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa kafin su iso mana. Shekara da shekaru ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano ake sauke su, a biyo da su ta Gaya da Doso da Ƙwanni har Maraɗi. Shi ya sa ake ce musu ɗan Kwatano. Bayan da aka rufe iyaka da Benin a 2023, hanyar Lome ta ƙasar Togo ta ƙara ƙarfi. Ko ta ina mota ta biyo, abu ɗaya ne: tana zuwa da halin ƙasar da aka yi ta dominta. Littafin bayaninta kuwa sau da yawa ya ɓata a hanya. In ma yana ciki, da Jamusanci ne ko Ingilishi. Mai saye ya duba inji, ya duba taya, ya duba fenti. Ƙofa ba mai tambayar halinta.

Me ke cikin ƙofa?

In makanike ya cire kwalin ƙofa za ka ga abu uku. Na farko sakata, wadda ke cafke ƙarfen jikin mota ta riƙe ƙofa. Na biyu mariƙi, ɗaya a waje, ɗaya a ciki. Na uku waya ko siririn ƙarfe da ya haɗa mariƙi da sakata. Ka ja mariƙi, waya ta ja sakata, ƙofa ta buɗe.

To mene ne kulle? Kulle shi ne raba mariƙi da sakata. Kamar a kwance guga daga igiya ne. Ka yi ta ja, igiya na tahowa, amma ba ruwa. A motar zamani wani ɗan injin lantarki ne ke raba su ko ya haɗa su. Shi ne kake jin ya yi ƙaras! Mai ba shi umurni kuwa ƙaramar kwamfuta ce da ke cikin mota. Ke nan ba hannunka kaɗai ke da iko da ƙofa ba. Akwai wani mai iko a ɓoye.

Kulle iri huɗu

Na ɗaya, kullen tafiya. Mota ta tashi, ta ɗan ɗauki gudu, sai ka ji ƙaras, ƙofofi sun kulle. Yawanci hakan na faruwa in gudu ya kai kilomita 10 zuwa 20 a awa. Wasu motocin kuma da an sa giya suke kullewa. An yi haka don kada ɓarawo ya buɗe ƙofa ya warce jaka a cunkoson kasuwa, don kuma kada ƙofa ta buɗe ana cikin gudu. Wannan kulle ba abin tsoro ba ne. Amfaninsa ya fi illarsa.

Na biyu, kullen mantuwa. Ka danna rimot ka buɗe mota, amma ba ka buɗe ko ƙofa ɗaya ba. Bayan kamar rabin minti sai ta sake kulle kanta, don tana zaton ka fasa shiga. In mota ta tsufa, ɗan abin da ke gaya mata an buɗe ƙofa yakan lalace. Sai ka aje makulli a kan kujera, ka rufe ƙofa, ta kulle da makullin a ciki. Wata ma tana yin haka lokacin da makanike ya mayar da kan batir. Maganin wannan ɗaya ne: in za ka fita, makulli ya bi ka, ko da ruwan leda za ka saya.

Na uku, kullen yara. Buɗe ƙofar baya ka duba gefenta, kusa da sakata. Za ka ga wani ɗan harshe da ake turawa sama ko ƙasa, ko wani ɗan rami da ake murɗawa da bakin makulli. Sau da yawa akwai zanen yaro kusa da shi. In an saka shi, mariƙin ciki ya mutu, na waje kaɗai ke aiki. Baturen da ya sayar da motar don ƴaƴansa ya saka shi, bai cire ba. Mota ta zo Maraɗi a haka, sai mu ce ƙofa ta lalace. Ba ta lalace ba, ɗan uwa. Tura ɗan harshen nan kawai za ka yi.

Na huɗu, kulle mai ninki biyu. Wannan shi ne mafi haɗari. An yi shi don ɓarayi, ko sun fasa gilashi sun zura hannu, ƙofa ba za ta buɗe ba. Mariƙin waje ya mutu, na ciki ma ya mutu. Motocin Turai ne suka fi zuwa da shi. Kuma ba hanya ɗaya ake saka shi ba. A Peugeot da yawa sai ka danna rimot sau biyu a jere yake kamawa. A Volkswagen da yawa masu irinsa, danna ɗaya ne ke saka shi, danna biyu ke hana shi. Kun ga abin da ke tsare mutum a wannan mota shi ke sakinsa a waccan. Saboda haka kada a taɓa kulle mota da rimot alhali akwai mutum a ciki, yaro ne ko babba.

Mariƙin ciki hali uku gare shi

In mota ta kulle kanta a tafiya, yaya na ciki zai fita? Amsa ta danganta da irin motar.

Akwai wadda ja ɗaya ya isa. Ka ja mariƙi, kulle ya saki, ƙofa ta buɗe nan take. Toyota da yawa haka ƙofar direbanta take. Irin wannan tana da daɗin fita, amma sai an kula da yaro mai wasa da hannu.

Akwai wadda sai an ja sau biyu. Ja na farko ya saki kulle, na biyu ya buɗe ƙofa. BMW da yawa haka suke. Wanda bai sani ba zai ja sau ɗaya, ya ga ba ta buɗe ba, ya fara bugun gilashi. Nan kuwa sakewa kawai zai yi ya ƙara ja.

Akwai kuma wadda ko ka ja sau goma ba ta buɗewa, sai ka ɗaga ɗan tsinken kulle da hannunka, ko direba ya danna madannin da ke kusa da shi. A wasu motocin tsinken yana bakin gilashi. A wasu yana manne da mariƙi.

Mota ɗaya ma tana iya haɗa hali biyu, na gaba daban, na baya daban. Don haka kada ka auna motar wani da taka. In ƙofa ta ƙi, kada ka fizgi mariƙi da ƙarfi. Na roba ne, ranar ƙasarmu ta riga ta gasa shi, ɓallewa zai yi a hannunka.

Zafi da yara

Yanzu mun zo wurin da ya fi kowane nauyi. A watan Afrilu da Mayu zafin jihar Maraɗi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Mota rufaffiya kuwa tanda ce. Rana tana ratsa gilashi ta gasa kujeru, zafin kuma ba shi da mafita. A 2005 wasu masana na jami'ar Stanford a Amurka sun fitar da sakamakon awon da suka yi kan wannan. Sun tarar cikin awa ɗaya zafin cikin mota yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 a kan na waje. Kashi 4 cikin 5 na ƙarin nan a rabin awar farko yake hawa. Sun kuma tarar ɗan sassauta gilashi ba ya hana komai. Ku yi lissafi da kanku. In waje yana 42, ciki zai iya wuce 60.

Jikin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, ninki 3 zuwa 5. In zafin jikinsa ya kai digiri 40 ya shiga haɗari. Zai galabaita, ya rikice, ya suma. Yaron da ya rikice ba ya iya neman tsinken kulle, balle in kullen yara ne ya tsare shi. Mutane sukan ce iska ce ta ƙare masa. Mafi yawa zafi ne ke kisa.

A Amurka, inda ake ƙidaya, yara fiye da 1,000 sun mutu ta wannan hanya tun daga 1998. Fiye da rabinsu mantawa aka yi da su a kujerar baya. Kusan 1 cikin 4 kuwa da kansu suka shiga wasa. A maƙwabciyarmu Najeriya ma ya faru. A watan Disamba na 2021 an tarar da yara 8 sun rasu cikin wata mota da aka aje a yankin Badagry na jihar Legas. A watan Mayu na 2025 an tarar da yara 5 cikin wata motar da aka daina aiki da ita a garin Agyaragu na jihar Nasarawa. Allah ya jiƙansu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A garuruwanmu akwai motocin da suka mutu aka jingine su a ƙofar gida ko bayan gareji. Yara suna son su, nan ne gidan wasan ɓuya. Shiga ba wuya, don mariƙin waje yana aiki. Fita ce matsala. Duk mai irin wannan mota ya kulle ta, ya ɓoye makulli inda yaro ba zai kai ba. In ba ta kulluwa, ya ɗaure ƙofofin da sarƙa, ko ya cire ƙofa ɗaya gaba ɗaya. Motar da ke aiki ma a kulle ta in an aje, bayan an leƙa an tabbata ba kowa a ciki. In yaro ya ɓata da rana, kafin a tafi rijiya ko bakin tabki, wani ya fara duba motocin unguwa, har da but.

Game da but, ga wani abu mai amfani. Tun daga 2001 dokar Amurka ta tilasta a sa mabuɗi a cikin but na ƙananan motoci. Ɗan mariƙi ne mai haske a duhu. In motarka daga Amurka ta zo, duba ka gani ko yana aiki. Motar Turai ba lalle ta kasance da shi ba.

In ka ga yaro a rufaffiyar mota ya galabaita, kada ka tsaya neman mai mota. Fasa gilashin da ya fi nisa da yaron. Fito da shi inuwa, cire masa riga, jiƙa jikinsa da ruwa, yi masa fifita. In ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki. A garzaya da shi gidan likita. Gilashi ana sayensa a kasuwa, rai ba a sayensa.

Ruwa, haɗari da mutuwar batir

Da damina Gulbin Maraɗi da koramu sukan cika su haye hanya. Ruwa mai gudu wanda ya kai santimita 30, wato bai ko kai gwiwar babba ba, yana iya ɗaga ƙaramar mota. Gara a jira ya janye. In kuwa tsautsayi ya sa mota ta faɗa ruwa mai zurfi, kada a ɓata lokaci da ƙofa. Nauyin ruwa yana danne ta daga waje, ƙato ma ba ya iya tura ta. A kwance bel, a sauke gilashi nan da nan tun wuta ba ta ɗauke ba, a fara fitar da yara ta taga. Lokacin da ake da shi bai fi kamar minti ɗaya ba.

A haɗarin hanya, motoci da yawa suna sakin kulle da kansu in jakar iska ta fashe. Amma motar hannu ba a dogara da ita a nan, don wata an riga an cire mata jakar, wata kuma ƙofar ce za ta lanƙwashe. Shi ya sa ya kamata direba ya aje ƙaramar guduma mai tsini inda hannunsa zai kai, ba cikin but ba. Gilashin gefe ake bugu, a kusurwa, sai ya wargaje kamar tsakuwa. Na gaba ba ya fashewa haka, don akwai leda a tsakiyarsa. Lambar masu kashe gobara a Nijar ita ce 18, ta ƴan sanda 17.

In batir ya mutu, rimot ba ya aiki. Kada a fasa komai. Kusan kowane rimot yana da makullin ƙarfe a naɗe ko a ɓoye cikinsa. Ramin makulli yana ƙofar direba, wani lokaci a ƙarƙashin ɗan murfin roba.

Gwaji a gindin itace

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya sayi mota, ko aka ba shi tuƙi, ya ware rabin awa ya koyi ƙofarta. A samu inuwa, a sauke gilashi duka, a samu mutum biyu. Ɗaya ya zauna ciki, ɗaya ya tsaya waje da makulli.

Da farko na waje ya danna rimot sau ɗaya, na ciki ya gwada kowane mariƙi. Sannan a danna sau biyu, a sake gwadawa. Bayan haka a duba kullen yara a ƙofofin baya. Sai a ɗan yi tafiya har mota ta kulle kanta, a tsaya cak, a ga ko ja ɗaya ne, ko biyu, ko sai an ɗaga tsinke. Daga ƙarshe a buɗe da rimot, kada a taɓa ƙofa, a ga ko za ta sake kullewa. Abin da aka gano a gaya wa uwargida da manyan yara. A motoci da yawa ana iya kashe kullen tafiya ko a kunna shi. Mai gyaran wutar mota ya san yadda ake yi.

Kai fasinja fa?

Daga Madarumfa zuwa Maraɗi kilomita 20 ne da ɗoriya, amma tsautsayi ba ya auna nisa. A motocin haya sau da yawa mariƙin ciki ya karye, an sa waya ko igiya a madadinsa. Wata Hiace ɗin ma yaron mota kaɗai ya san dabarar ƙofarta, daga waje yake buɗewa. In ka shiga, dubi ƙofar da ke kusa da kai tun mota ba ta tashi ba. In ba ka gane ba, ka ce: «Malam direba, don Allah yaya ake buɗe wannan?» Ba ƙauyanci ba ne, matambayi ba ya ɓata. Direban kirki zai nuna maka. Shugabannin tasha su ma suna da nasu aiki. Motar da mutum ba ya iya fita daga cikinta bai kamata ta yi lodi ba sai an gyara.

Uwa mai goyo ta sa yaro a tsakiya, ba jikin ƙofa ba. In direba ya tsaya sallah ko cin abinci, kowa ya fito, har jaririn da ke barci. Kada a ce minti biyar ne kawai. Minti biyar na kasuwa kowa ya san tsawonsa.

Ƙofa mai kulle kanta an yi ta ne don tsaro, kuma tana tsaron. Amma ba ta san ɓarawo ba, ba ta san ɗan mai gida ba. Mu ne za mu san halinta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Faɗi kulle iri huɗu da aka ambata.
2. Ina ake samun kullen yara, kuma me yake hanawa?
3. Don me ba a kulle mota da rimot in akwai mutum a ciki?
4. In zafin waje yana digiri 41, aka ƙara 22, nawa ke nan a cikin mota?
5. Akwai motar da aka jingine a unguwarku? Wa ya kamata ku yi wa magana a kanta?